Daga Dandume Zuwa Kano Da Mage A Mota: Wace Hanya Za A Bi?

A Dandume mage ba dabbar ado ba ce, ma'aikaciya ce. Garin da ya yi suna da kasuwar hatsi, inda ake jibge buhunan masara da dawa da waken suya, ba ya rabuwa da ɓera, mage kuwa ita ce mai gadin rumbu. Amma in ƙaura ta tashi, ita ake mantawa da ita. Wasu su bar ta a kango, wasu su ƙulle ta a buhu su jefa bayan mota, ta isa a galabaice ko ta mutu a hanya. 'Yan uwana ɗalibai, sau da yawa ku ne masu magen a gida, don haka ku ya kamata ku sa baki a tsara tafiyar.

Mu ɗauka gidanku zai koma Kano. Zangon farko shi ne Funtua, daga nan kuma hanya ta rabu biyu. Ta farko ta bi Bakori, Malumfashi, Dayi da Gwarzo, ta shiga Kano ta wajen sabuwar Jami'ar Bayero da Kabuga. Ta biyu ta bi Giwa, Shika da Samaru, ta hau tagwayen titin Zariya zuwa Kano, ta ratsa Kwanar Dangora da gonakin shinkafar Kura, ta shiga gari ta Na'ibawa.

Ta Gwarzo ta fi kusa, amma ta Zariya tana da abin da mai dabba zai so: a Samaru akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. In magen tsohuwa ce, ko tana da ciki, ko ba ta da ƙoshin lafiya, wannan kewayen ya cancanci kuɗin mansa. In lafiyarta lau, gajeriyar hanya ta fi, domin za ta fi saurin fita daga ɗauri. A duba kuma unguwar da za a sauka, kada a ƙare da ratsa cunkoson Kano da tsakar rana.

Masu komawa Kaduna su yi hattara da taswirar waya. Tana iya nuna hanyar Birnin Gwari, alhali ba ta san dajin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru ba. A bi ta Funtua da Zariya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Kowace hanya aka zaɓa, a tambayi direbobin tasha ana gobe tafiya, don su ne suka bi ta jiya. Kada kuma a yarda dare ya yi a hanya.

Sai batun lokaci. A tashi da hantsi bai ɗaga ba, amma bayan gari ya waye sosai. Zafin jikin mage yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma ba ta yin gumi irin namu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, mota mai rufaffen gilashi tana iya kashe ta cikin ɗan lokaci. In ka ga ta buɗe baki tana haki kamar kare, a tsaya a inuwa nan take, a shafa mata ruwa a tafin ƙafa da jiki.

A nemi kwandon roba mai murfi da ƙofofin iska, a shimfiɗa tsumman da ta saba kwanciya a kai, a ɗaure murfin tam. Kowace mage da nata kwandon, sai dai uwa da ƙananan 'ya'yanta. A ajiye shi a kujera kusa da kai, ba a but ba, ba kuma a saman kaya ba. A daina ba ta abinci kamar awa 4 kafin tashi don gudun amai, amma a tafi da ruwa. Kada a ba ta farasitamol don wai ta natsu, guba ne ga mage.

Wurin tsayawa ma a zaɓe shi tun a gida. Tasha mai hayaniya ba wurin buɗe kwando ba ce. Ko kyanwar Lami ce, in ta firgita za ta yi yakushi ta tsere, kuma magen da ta ɓace a Malumfashi da wuya a sake ganin ta. In za a ba ta ruwa, a yi a cikin mota, ƙofofi a rufe.

Bayan an sauka, a tsare ta a ɗaki ɗaya da abinci da ruwa da kaskon yashi na kamar mako 2, domin in an sake ta da wuri za ta fita neman tsohon gida. Kafin ranar tafiya, ɗauki takarda ka jera sunayen garuruwan da za ku ratsa, ka sa alama a inda za ku tsaya, ka miƙa wa Baba da direba su duba tare.