Abin da Wasan Farko Ya Koya Mini

A filin Unguwar Tudu na koyi ƙwallo, inda wanda ya fi iya yanka shi ne gwani. Da wannan hali na shiga ƙungiyar makarantarmu.

Ran Asabar muka buga wasanmu na farko na bana, aka ci mu biyu da nema. Sau uku ƙwallo na zuwa ƙafata, mai lamba tara yana ta ihu shi kaɗai a bakin raga, ni kuwa ina ta yanka har aka ƙwace.

Washegari malamin wasanni bai yi faɗa ba. Ya zana fili a allo, ya ce, "Ta ina muke kai hari?" Muka yi tsit. Ya ce daga yau ƙwallo a ƙasa, taɓawa biyu a bayar, 'yan gefe su buɗe fili. Ya tuna mana Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, amma ba shi kaɗai yake filin ba.

Ni kuma ya ba ni mako biyu, ko in gyara ko in zauna a benci. Lallai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu kullum da la'asar ina koyon ɗaga kai kafin in taɓa ƙwallo.