Venis: Jimlar Da Ke Fitar Da Baƙo Daga Cunkoso

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon mun leƙa birnin Venis da ke arewa maso gabashin Italiya. An gina shi a kan ƙananan tsibirai 118, gadoji sama da 400 suka haɗe su. A tsohon garin babu mota, babu babur. Ko dai mutum ya taka sayyadarsa, ko ya shiga jirgin ruwan haya da suke kira vaporetto. Jamhuriyar Venis, wadda Napoleon ya kawo ƙarshenta a 1797, kirarinta shi ne La Serenissima, wato mafi natsuwa.

Wanda ya tsaya a dandalin San Marko da rana a yau zai yi mamakin wannan kirari. Daga nan har gadar Riyalto ba masaka tsinke, sai ka ce kasuwa ranar jajibirin salla. Masu yawon buɗe ido sun cika gari, masu garin kuwa sai raguwa suke yi. A 1951 mazauna tsohon garin sun kai kusan 175,000, amma a 2022 sun gaza 50,000. Cunkoson ya kai ga a 2024 hukuma ta fara karɓar Yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya a wasu ranaku.

To, ina baƙon da ya gaji zai sa kansa? A nan ne jimlar da muka koya ta yi mana rana: “Scusi, c'è un posto tranquillo qui vicino?” Ma'anarta: “Gafara dai, akwai wani wuri mai natsuwa a nan kusa?”

Furta ta ba wuya ga Bahaushe. Scusi “skuzi” ake cewa. C'è daidai yake da “ce” ɗinmu. Tranquillo kuma “trankwillo”, a danna lam ɗin kamar a “kallo”. Qui “kwi” ne, sannan ci na cikin vicino tamkar “ci” na cin abinci. Ku lura, scusi ta girmamawa ce, ga babba ko wanda ba ka sani ba. Ga tsaranka sai ka ce scusa. Sai a kasa kunne ga amsa: a destra dama, a sinistra hagu, sempre dritto a miƙe kawai. A rufe da grazie, wato na gode.

Irin wannan amsa ce ta kai mu unguwar Kannarejo a arewacin garin. Can muka tarar da wanki a shanye tsakanin gidaje, yara na buga ƙwallo, tsofaffi na hira a kan benci. Ƙananan filayen unguwa, da suke kira campo, da yawa suna da tsohuwar rijiya a tsakiya, ta tara ruwan sama, tun kafin a kawo ruwan famfo a 1884. A ƙarshen gabashin garin kuma akwai Sant'Elena, inda muka zauna a inuwar itatuwa, ba abin da muke ji sai motsin ruwa.

Ashe natsuwar da aka yi wa garin kirari da ita tana nan, masu garin ne suka san inda take. Matambayi dai ba ya ɓata, musamman in ya yi tambayar da harshen mai gida. Ku rubuta jimlar a littafinku, ku gwada ta da abokanku kafin mako mai zuwa.