Tiyar Linux Ba Tiyar Windows Ba Ce

Wani Alhaji mai sayen gero da wake a Sabon Birni, yana kaiwa Isa da Maraɗi, ya nemi in rubuta masa 'yar manhajar lissafi. Na amsa da gadara. Da harshen C na rubuta ta a kwamfutata mai Linux, ina ƙirga kuɗi da kwabo, ina zubawa a ma'ajin lamba da ake kira long. Na gwada ta da biliyoyin naira, ko tari ba ta yi ba. Na sake harhaɗa ta a kwamfutar shagonsa mai Windows, na karɓi ladana, na tafi ina hura hanci.

Da kaka ta yi, ciniki ya buɗe, sai ga wayarsa: "Malam, wagga na'ura taka ta ce bashi gare ni. Wa ka bi na?" Jimillar ciniki ta koma ƙasa da sifiri.

Nan take na ɗora wa yaron shago laifi, na ce hannunsa ne ke zamewa. Alhaji ya yi masa tatas a gabana, ban ce uffan ba.

Sai da na zauna da littafin shagon ina tara cinikin ɗaya bayan ɗaya. Komai daidai har naira miliyan 21 da 'yan kai, daga nan lissafi ya kife. Na ƙura wa lambar ido: 21,474,836. Gabana ya faɗi. Ai 2,147,483,647 ce a kwabo, iyakar abin da ma'aji irin long mai bit 32 ke ɗauka, lambar da na taɓa haddacewa don cin jarrabawa. Na tambayi kwamfutocin biyu girman long. Tawa ta ce bait 8, ta Alhaji ta ce 4, wato bit 32. Suna ɗaya, ciki daban, kamar tiyar kasuwanni biyu, ni kuwa da ke zaune a bakin iyaka ban tambaya ba.

Babu wanda ya yaudare ni. Ƙa'idar C ba ta yi wa long alkawarin fiye da bit 32 ba, kuma tun 1999 aka tanadi int64_t, wanda girmansa ɗaya ne a ko'ina. Gyaran bai kai shan shayi ba.

Ba wa yaron haƙuri a gaban ubangidansa ya fi wuya. Alhaji kuwa har yau sai ya sa an rubuta a littafi tukuna, sannan a taɓa na'urata.