Kasuwar Salaga: Inda Kakanninmu Suka Sauke Kaya

Tun muna yara muke jin tsofaffi suna cewa wane ya tafi Gwanja, amma ba mu taɓa ganin Gwanjar da idonmu ba. Da Allah Ya nufa, muka shiga Gana ta Bawku, garin da ke kusa da iyakar Burkina Faso da Togo. Muka kwana a Yendi, mazaunin Ya-Na, sarkin Dagomba, sannan muka bi ta Bimbila muka isa Salaga da hantsi.

Abin da ya fara tarbarmu a kasuwa shi ne doya, tsibi-tsibi, ga gyaɗa, ga man kaɗe, ga busasshen kifi. Mun zo da fargabar rashin harshe, sai muka ji ana ciniki da Hausa, irin ta zango, wadda ba ta cika bambanta namiji da mace ba. Muka tsaya wurin wata dattijuwa mai doya. Da yake ba mu saba da lissafin sidi ba, muka yi tayin da ya sa ta dariya.

"Albarka, 'ya'yana. Daga ina?"

Da muka faɗa mata, ta ce kakanta ma da ayari ya zo. Ta sallama mana, ta kuma yi mana gyara.

Ayarin nan goro ya kawo su. Fatake daga Kano da Katsina sukan yi watanni a hanya da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron Ashanti. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 cinikin ya soma ja baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin. Cikin waɗanda suka bar shi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Karachi a 1934.

Sai dai ba goro kaɗai aka taya a nan ba. Wani yaro ya kai mu filin da aka sayar da bayi, da rijiyoyin da ake yi musu wanka kafin a kai su gaban masu saye. Jikinmu ya yi sanyi, domin cikin masu sayen akwai masu harshenmu.

Duk wanda zai kai iyalinsa Salaga, ya nuna wa yara wuraren biyu. Mun koma masauki da doyarmu, ba wanda ya ce uffan har aka kira azahar.