Yini ɗaya a Maraɗi da kuɗin asusu a ɗaure

Daga Gangara ana iya zuwa Maraɗi, babban birnin jiharmu, a dawo rana ɗaya, amma fa sai an yi sammako, kuma an san abin da ya kai mutum. Mu biyar ƙungiyarmu ta tura bayan kaka, mu saro atamfa, sabulu da robobi da kuɗin rancen mata goma sha biyu. Kun ga kuwa ba yawon buɗe ido ba ne, amana ce.

Bayan sallar asuba muka fita zuwa Gazawa, muka hau kwalta, muka wuce Agye da Cadawa, da hantsi muna tasha. Kafin mu ɗaga ƙafa, shugabarmu ta ce: "Malam direba, yaushe motar ƙarshe?" Ya ce: "Hajiya, in an yi la'asar ba na jiran kowa." To, a kan wannan muka yanka yinin: kasuwa har azahar, gari bayan salla.

Babbar kasuwar Maraɗi tana ruɗa baƙo. Ga 'yan kabu-kabu, ga masu dako, ga mai kira "Hajiya, zo ki gani" ta kowane ɓangare. Zagayen farko ba mu kwance ko dala ba. Kowane kaya sai da muka taya shi wuri uku, sakatariya tana rubutawa. Kaya da yawa daga Najeriya suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, don haka farashinsu yana bin canjin naira da sefa. Na watan jiya ba lalle ya zama na yau ba. Kuma sari bai zama araha ba sai an ɗora masa kuɗin dako, na mota da na abincin rana. Da muka yi wannan lissafi, sabulu ya faɗi: ribar ba ta kai wahalar ba, muka bar shi, muka ƙara atamfa.

Bayan azahar muka nufi ƙofar fadar sarki, wajen tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo. Ƙaramarmu ta ce: "Inna, don me ake ce masa Sarkin Katsina alhali a Maraɗi yake?" Dalili shi ne, bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Hausa ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Garin farko a kwarin Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka hau tudu aka yanka sabbin tituna, shi ya sa kuke ganinsu miƙe sar kamar an ja igiya.

Wani abin alfaharin kuma namu ne. A wannan jiha ta Maraɗi aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka da ma wajenta. Zubin da muke yi kowane mako a gindin bishiya, mata a nesa sun koye shi ne daga iyayenmu.

Mun iso gida bayan isha'i, kuma a zaman mako aka karanta lissafi gaban kowa, har canjin da ya rage. Ga ƙungiyar da ke shirin tafiya, shawararmu ita ce: ku rubuta abin da za a sayo tun a gida, ku raba kuɗin hannu biyu ko uku, ku ware na motar dawowa kada a taɓa shi, kuma kada ku rabu cikin kasuwa. In lokaci ya ragu, ku je ku ga fada, ku leƙa Gulbi, ku kawo wa yara labari. Allah ya sa wa asusunmu albarka.