Ɓera, Linzami da Manhaja: Kalmomin Kwamfuta a Bakin Yaran Hausawan Tamanrasset

Tamanrasset gari ne da ke gindin duwatsun Ahaggar, a kudancin Aljeriya. Tsakaninsa da babban birnin ƙasar akwai tafiyar kusan kilomita 2,000, alhali In Gezzam, wadda ke daf da iyakar Nijar, ba ta wuce kimanin kilomita 400 ba. Daga nan sai Assamaka, sai Arlit, sai Agadas. Wannan hanya ce ta daɗe tana kai Hausawa garin, wasu don fatauci, wasu don ƙwadago, wasu kuma suka yi zamansu har suka hayayyafa. A gidan wani ɗan'uwanmu da ke cikin waɗannan na ƙarshe na yi hutun wata guda, inda aka ɗora mini aikin taimaka wa yara uku da bitar darasin kwamfuta.

Yaran suna makarantar da ake kira mutawassiɗ, wato matakin shekara 4 da ke biye wa firamare mai shekara 5, wanda ake kammalawa da jarrabawar BEM. Ya yi daidai da ƙaramar sakandare a Nijeriya, ko kwaleji a Nijar. Sunan darasin kwamfuta a wurinsu al-i'ilamul ali. A aji ana kiran na'urar hasub da Larabci, a jikin kwalinta an rubuta ordinateur da Faransanci, a titi kuma kowa mikro yake cewa. Idan suka kunna rediyo ko suka buɗe shafin labarai na Hausa, sai su ji kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa. Suna biyar ke nan ga abu guda, ba a ma sa Tamahak ta maƙwabtansu Abzinawa a lissafi ba. Tun 2022 kuma an shigar da Ingilishi cikin firamaren Aljeriya daga aji 3, saboda haka ƙannensu za su taso da ƙarin wani.

Yawan sunaye bai dame ni ba, domin yaron da ya tashi a irin wannan gari ya saba sauya harshe tsakanin ƙofar gida da bakin kasuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sun haddace ma'anonin da Larabci tsaf, amma idan mahaifiyarsu, wadda Hausa kaɗai take ji sosai, ta tambaye su abin da ya cinye kuɗin datar wayarta, sai bayani ya gagara. A nawa ganin, ilimin da yaro ba zai iya mayar wa uwarsa da harshenta ba, da sauransa.

Mu fara da ɗan abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana jan kibiya a kan allo. Douglas Engelbart ne ya nuna shi ga jama'a a Amurka a 1968, aka sa masa sunan ɓera saboda siffarsa da wayar da ke bayansa kamar wutsiya. Faransawa suka fassara suka ce souris, Larabawa suka ce fa'ara, duk ɓera ke nan. Bahaushe ya ƙi bin wannan sawu, ya ce linzami. Ban san wata kalmar kwamfuta da ta fi wannan dacewa a Hausa ba. Sauran harsunan sun dubi kamar abin, Hausa ta dubi aikinsa: da shi ake juya na'ura dama da hagu, a tsayar da ita inda ake so, kamar yadda mahayi ke sarrafa doki. Ga shi kuma yau yawancinsu ba su da wayar da ake kamantawa da wutsiya, amma aikin linzami yana nan. Wani abin sha'awa, kalmar kanta asalinta Larabci ce, daga lijam. Da na faɗa wa yaran haka, babbar cikinsu ta ce, "Ashe dai Kawu, tamu ce ta je Hausa ta dawo." Na lura da wannan "tamu" da ta ce, ban kuwa yi mata gardama ba.

Manhaja kuwa ta zo mana da matsala. Ita ma daga Larabci aka aro ta, kuma kafin zuwan wayoyin zamani ma'anarta a Hausa tsarin karatu ce, kamar yadda take a Larabcin har gobe. Daga baya kafafen watsa labarai suka faɗaɗa ta, ta ɗauki ma'anar umarnin da ke tafiyar da na'ura, da kuma irin su WhatsApp da ake sawa a waya. Yaron Kano ba ya jin wani ruɗani. Yaron Tamanrasset kuwa, da ya ji manhaja sai hankalinsa ya tafi ga jadawalin darussan ma'aikatar ilimi, domin abin da muke nufi shi barnamaj ko taɗbiƙ ya san shi. Ba na ganin a jefar da kalmar, ta riga ta zauna. Sai dai duk mai koyar da yaran da suka yi karatu da Larabci, a Aljeriya ne ko Sudan ko Saudiyya, ya kamata ya faɗa musu tun farko cewa aron ya sauya hanya.

Sai intanet da yanar gizo, waɗanda mutane da yawa, har da 'yan jarida, suke ɗauka abu ɗaya ne. Intanet ita ce haɗakar na'urori da wayoyi da turakun sadarwa da ke ɗaukar saƙo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Yanar gizo kuwa tsari ne na shafuka masu sarƙe da juna da ke tafiya a kanta, wanda Tim Berners-Lee ya gabatar da shawararsa a cibiyar CERN a 1989. Na kwatanta musu da abin da suka sani: intanet ita ce kwaltar da ta taso daga arewa ta ratsa garinsu, yanar gizo kuwa ɗaya ce daga cikin motocin da ke binta, imel wata motar ce daban. Adireshin shafi ma yana da lambar ƙasa kamar mota: .dz na Aljeriya, .ne na Nijar, .ng na Nijeriya.

Inda Hausa ta fi yi mana rana shi ne batun datar uwar gida. Faransancin yau da kullum yakan yi amfani da télécharger ga kwaso abu daga intanet da kuma tura shi can, haka ma tahmil a bakin masu Larabci da yawa. Hausa tana da kalmomi biyu da kowane ɗan kasuwa ya sani: saukewa da ɗorawa. Ana ɗora kaya a mota, ana sauke su, kuma kowanne da ladan ɗan dako. Da wannan yaran suka iya bayyana wa mahaifiyarsu cewa bidiyon bikin da 'yan'uwa ke turowa daga Damagaram yana sauka da kansa, kuma kowace saukewa tana cin kuɗi. Suka shiga saitin wayar suka hana shi sauka sai an taɓa. A nan ne kuma muka warware wani ƙulli: abin da kamfanonin waya na Aljeriya ke rubutawa Go da Mo shi ne 'yan'uwansu na Nijeriya ke gani GB da MB, domin Faransanci octet yake cewa, wato tarin ɗigo 8 na bayani.

Kalmar sirri ma ta fi takwarorinta gargaɗi. Faransanci mot de passe yake cewa, Larabci kalimatul murur, wato kalmar wucewa, ko da yake ana jin kalimatus sirr ma. Ta Hausa ba ta bar wa yaro wata kafa ba: abu ne da ba a faɗa wa aboki, ba a bar shi a buɗe a shagon intanet, ba a kuma karanta wa wanda ya bugo waya ya ce daga kamfani yake. Biyu daga cikin yaran uku shekarar haihuwarsu suka sa. Mun sauya a ranar.

Akwai abin da kalma ba ta iya gyarawa. Allon madannan da suke amfani da shi a makaranta tsarin Faransa ne, mai farawa da AZERTY, an ƙara masa haruffan Larabci. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Yaron da ya so rubuta ƙafa sai ya rubuta kafa, ɓari ya koma bari. Google Translate ya karɓi Hausa tun Disamban 2013, kuma haruffan nan suna cikin tsarin Unicode, ana iya sa madannan Hausa a waya cikin minti biyu, amma babu wanda ya taɓa nuna musu. Hasali ma ba su taɓa ganin an rubuta Hausa da ƙa'ida ba. Saƙonninsu ga dangi da haruffan Larabci suke rubutawa, ko da rubutun Faransanci, su sa ou a gurbin u, ch a gurbin sh. Na nuna musu cewa rubuta Hausa da haruffan Larabci ba baƙon abu ba ne, ajami ya girmi boko nesa ba kusa ba. Sai kuma tambaya ta taso a kan wace ƙa'ida za su bi, tunda Nijar ƴ take rubutawa, Nijeriya kuma 'y. Na ce su bi ta Nijar, domin can danginsu suke, kuma can wasiƙunsu za su je.

Kafin in taho mun cika shafi huɗu na littafin rubutu da kalmomi 40, kowacce a layi uku: Larabcin aji, Faransancin da ke jikin na'ura, da Hausar gida. Gurbi shida na layin Hausa mun bar su fayau, saboda abin da na samu a kansu fassarar dole ce da ba na jin wata uwa za ta gane. Daga cikinsu akwai sunan manhajar da ake buɗe shafukan yanar gizo da ita, wadda Larabci ke kira mutasaffih. Ƙaramin cikinsu ya kawo shawarar a ce mata "maleƙa", na rubuta masa da fensir.