Mun Je Dogondutsi: Mutanen da ke Riƙe da Makarantar Mishan

A taron haɗin gwiwar ƙungiyoyinmu na asusu da ya wuce, magana ɗaya ce ta fi ɗaukar lokaci: ɗiyanmu mata da suka gama CM2 a ƙauyukan Tibiri, ina za su ci gaba da karatu, kuma a hannun wa za mu bar su? Wasu suka kawo zancen makarantar Mishan ta Dogondutsi, mai ɗan sashen kolej. Nan take aka rabu biyu. Wasu suka ce ba ta talaka ba ce, wasu suka ce ana sauya wa yara addini. Shi ne taro ya tashe mu, mu biyar, mu je mu gano, tunda gani ya kori ji. Ga abin da muka tarar.

Daga Tibiri mun shiga motar kasuwa zuwa Kore Mai Ruwa, inda ake hawa babbar kwaltar da ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, ta nufi Konni da Maraɗi. Tafiyar duk a yankin Dallol Mawri ce, tsohon kwarin nan da ruwa ba ya da nisa a ƙasansa, shi ya sa lambu ke yi. Kaka ce, an yanke hatsi, mata na roron wake a gonaki. Tun kafin a shiga gari ake hango dutsen da ya ba shi suna, ja, kansa a shafe kamar an aza faifai. Manyanmu duk sun san hanyar ga, don har zuwa 2011 mu da Dutsi sashe ɗaya muke, kafin a yanke Tibiri ta tsaya da kanta.

A mota wata dattijuwa cikinmu ta tuna mana cewa a ƙasar ga ta Arewa Lugu take, garin Sarauniya Mangu wadda ta tsaya gaban sojojin Faransa a 1899. Ta ce ƙasar da mace ta yi wannan, ba a nan za a ce ɗiya mace ba ta iya zaman aji ba. Mishan ɗin Katolika kuwa ba baƙo ba ne a Dutsi. Yana garin tun zamanin Turawa, kafin 'yancin kai na 1960, kuma ma'aikata da yawa 'yan Arewa a makarantarsa suka fara riƙe alli.

Mutum na farko da ya tarbe mu shi ne Baba mai gadi, zaune bakin ƙofa da 'yar rediyonsa. Muka ce, "Baba, ina kwana, ina aiki?" Ya ce, "Lafiya lau, uwayen yara. Daga ina?" Da muka faɗi sunayen ƙauyukanmu, sai ya shiga lissafa mana yaran can da ke makarantar, da gidan da kowace ke sauka a gari. Ba takarda a hannunsa, duk a ka yake. Shi ke fara sanin yarinyar da ta soma makara, da wadda wani mai babur ya fara jira a bakin hanya bayan an tashi. Idan ya ga haka ba ya tsawa. Surbeyan yake gaya wa, wato malamin da ke kula da tarbiyya da rajistar zuwa, shi kuma ya kira iyaye tun abin bai yi nisa ba.

Makarantar ba ta da girma. Azuzuwa ne a jere, da ofis, da ɗan ɗakin littattafai, da fili mai itatuwan bedi. An share ko'ina, ga randunan ruwa a rufe a inuwa. Wata baiwar Allah ce ke wannan aiki tun da asuba. Ita ce kuma 'yan mata ke zagayawa su gaya wa idan al'ada ta zo musu ba shiri, ta ba su abin da za su kimtsa, kada su koma gida su rasa darasin ranar. Ba a rubuta wannan cikin aikinta ba. Mu da muka haifa mun san ɗiya nawa ke fara ƙauracewa lakwal saboda kunyar wannan rana ɗaya.

Darakta ya karɓe mu a ofis, ya ce, "Inna, ku tambayi duk abin da ke ranku." Ba mu yi kwana-kwana ba, muka tambayi maganar addini. Ya ce mu leƙa da kanmu. Mafi yawan ɗaliban Musulmi ne, haka ma malaman, don Kiristoci a Nijar 'yan ƙalilan ne. Karatun da ake yi shi ne na gwamnati, daga siziyam har zuwa aji na huɗu na kolej, kuma jarrabawar BEPC ɗaya ce da ta kowa. 'Yan mata na cikin aji da hijabinsu. Da azahar ta yi mun ga buta da tabarma gindin bedi, malamai na sallah, abokin aikinsu Kirista na tsare musu kayan da suka ajiye. Mai makarantar coci ce, ba su ɓoye ba, akwai alamar gicciye a bangon ofis. Wadda hankalinta bai kwanta ba, ta je da maigidanta su tambaya kamar yadda muka yi, ƙofar a buɗe take.

Mun zauna bayan aji muka saurari darasin lissafi. Mushen matashi ne, shi kaɗai ke koyar da lissafi a duka azuzuwan huɗu, don ƙaramar makaranta ba ta iya ɗaukar malami biyu a fanni ɗaya. Wahala ce gare shi, amma yarinyar da ya karɓa a siziyam yana tare da ita shekara huɗu, ya san inda take tuntuɓe. Ya nuna mana tulin kaye da zai tafi da su gida ya gyara da dare. Ya ce abin da ya fi ba shi aiki shi ne yaran ƙauye na zuwa da Faransanci kaɗan, ga shi duk darussa da shi ake yi. Yarinya ta iya lissafin kanta, a kasuwa ba mai cutar ta a canji, amma tambayar da ke kan allo ce ba ta gane ba. Don haka wata uku na farko, shi da Madam mai koyar da Faransanci sukan tsaya da sababbi bayan an tashi, ba tare da an ƙara musu ko dala ba.

Madam ɗin 'yar Arewa ce, daga wani ƙauye wajen Matankari. Ta ce kasancewarta a gaban aji kawai wani darasi ne, don yarinya ba ta sha'awar zama abin da ba ta taɓa gani ba. Ta tuna mana abin da muka sani muke kau da kai: a ƙasarmu, cikin 'yan mata huɗu, wajen uku ana aurar da su kafin shekara 18. Tun 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinyar da ke cikin karatu, amma ta ce doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta. Idan aka koma hutu ta ga benci ba kowa, ita ce ke hawa kabu-kabu ta je ta zauna da uwar yarinyar. Wani lokaci a dace, wani lokaci ta tarar an riga an sa rana.

Inda muka fi daɗewa shi ne wajen mai ajiyar kuɗi, don harshenmu ɗaya da ita. Littafinta kamar namu yake: suna, abin da aka zuba, abin da ya saura, da rasit ga kowa. Ta buɗe mana yadda abin ke tafiya. Mafi yawan albashin malamai da na mai gadi da mai shara daga kuɗin iyaye yake fitowa. Ana komawa makaranta a Oktoba, daidai lokacin da rumbu bai gama cika ba. Mai hatsi ko wake in ya sayar a lokacin, a araha zai sayar, sai ya ce a jira. In iyaye goma sun jira, ƙarshen wata ya zo, ita ce ke tsayawa gaban Mushe ba ta da abin ba shi cikakke, shi kuma yana da haya da iyali. Malamin kirki bai rasa inda za a kira shi, Dosso ko Yamai. In ya tafi tsakiyar shekara, 'yan ajin jarrabawa ne ke biyan bashin. Muka dubi juna, don mun san wannan ciwo. Haka asusu ke mutuwa idan mata uku suka ce sai mako mai zuwa.

Wata matsalar ita ce masauki. Yarinyar da ta fito daga Tibiri, ko Dumega, ko Gesheme, dole ta sauka gidan wani a Dutsi. In an dace, gidan goggo ko inna ne mai tausayi. In ba a dace ba, ita ce mai ɗibar ruwa da daka da talla, ta zo aji tana gyangyaɗi. Surbeyan ya ce kafin ya hukunta mai barci a aji, sai ya tambayi ƙarfe nawa ta kwanta. Ya roƙe mu abu ɗaya: kada uwa ta aiko ɗiya hannu sake. A haɗo ta da tiya kaɗan na hatsi da wake kowane wata, mai masauki ya san akwai masu ita, kuma a riƙa leƙowa ko da ranar kasuwar Juma'a ce.

Gaskiya makarantar ba kyauta ba ce, kuma ba kowace cikinmu za ta iya ba. Kolej na gwamnati na nan kusa da mu, su ma da malamai masu ƙoƙari, kuma abin da muka koyo ya shafe su duka: karatun ɗiyarki na hannun mutane biyar ko shida, ya kamata ki san fuskarsu, su san taki. Ga shawarwarin da muka kawo wa taro mai zuwa.

Na ɗaya, kowace ƙungiya ta duba ranar rabon asusunta. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, mata ke sa ranar rabo inda ta fi musu amfani. Mu sa tamu a Satumba, kafin komawa makaranta, ba sai gab da salla kaɗai ba.

Na biyu, a buɗe zubi na daban don karatu. Dala hamsin a mako, mako 40, jikka goma ke nan. Dala ɗari a mako, jikka ashirin. Ba a taɓa shi don biki ko suna.

Na uku, a naɗa mata biyu a kowace ƙungiya da za su riƙa zuwa makarantun da ɗiyanmu suke sau ɗaya a wata uku, su gaida malamai, su karɓo labarin kowace yarinya, su biya gidan masaukinta. Kuɗin motarsu daga asusun taimako zai fito. In sun je, su fara gaida mai gadi da mai shara, don labarin da ba ya cikin takarda yana wajensu.

Shugabannin ƙungiyoyi, a karanta wannan a zaman zubi na makon ga, a zo mana da amsa da sunayen 'yan matan da ke CM2 bana.